Shekarar da Jarina Ya Tafi Kiwo

Ni mai sayar da abincin dabbobi ne a kasuwar Dakoro. Harawar wake, harawar gujiya, dusa, da turto, wato tunkuzar angurya, in kamiyo ya kawo daga Maradi. Rumfata na daf da inda ake ɗaure tumaki ranar kasuwa, wurin da duk wanda ya sayi rago sai ya bi ta gabana, ragon na jan shi zuwa ga harawa. Ba ni na zaɓi wannan sana'a ba. Na yi lakwal har aji shida, na faɗi jarrabawar sartifika, ubana ya ce takarda ta ishe ni haka. Waɗanda muka zauna benci ɗaya da su, waɗanda nake yi wa kalkil, wato lissafi, suna ba ni ƙuli-ƙuli, yau suna Yamai zaune cikin biro, ofis mai sanyi. In sun zo gida da sallah sai su ɗaga mani hannu ta gilashin mota kamar masu korar ƙuda. Allah ya ƙara masu. Ni dai ga ni cikin dusa har cikin kunne.

Wanda bai san sana'ar ba zai ce mai sauƙi ce, ka sayi ciyawa ka sayar da ciyawa. Abin da bai sani ba shi ne kuɗinmu sau ɗaya suke fita a shekara, sau ɗaya suke dawowa. Da kaka, in manoma sun rori wake sun ɗaure harawa, kowa na neman na hannu, sai su sayar da arha. A nan muke zuba duk abin da muka mallaka, mu cika rumfa har rufi, mu zauna muna kallonta. Da bazara, in daji ya zama fili, dabba ta fara cin leda da kwali, a nan ake layi gabanmu. Ruwan farko na sauka, ciyawa ta tsiro, ko kyauta ka ba da harawa ba mai duƙawa ya ɗauka. Daga nan har wata kakar, jarinka na hannunka ba shi da aikin yi. Kuma wannan zaman banzan nasa ya faɗo daidai damina, lokacin da rumbun kowa ya yi ƙasa.

Dangi na jin warin kuɗi yadda akuya ke jin warin dusa. Wanga zai yi suna, wancan ɗiyarsa ba lafiya, wani irin da ya shuka tsutsa ta cinye. Wani ma bai wahalar da kansa da neman dalili ba, ya zo ya zauna kan tabarmata tun hantsi yana yabon marigayi ubana har sai na gaji. Duk sun san na sayar, don a gabansu rumfa ta kwashe. In ka ce babu, a kai ƙararka wajen gwaggo. In ka ba da, kaka ta zo ka tarar jarin ya rame. Na taɓa gwada kes ɗin ajiya da ke bakin hanya. Mutanen kirki ne, suna riƙe amana, sai dai ƙofarsu na kallon tasha. Duk wanda ya ga shigarka ya san abin da ka kai, kafin ka iso gida wani na zaune yana jiran ka raka shi a ciro.

Akwai wani Bafillace dogo, mai baƙin rawani, da ke sayen dusa wajena duk bazara. Ba ya saye ya tafi. Sai ya zauna, ya fito da ƴar butarsa, ya dafa shayi da gawayina, ya sha, sannan ya ce dusata rabi yashi ce. Yana ce mani Kaɗo, ina ce mashi ɗan daji, mun daɗe a haka. A shekarar da nake ba da labari bazara ta yi tsawo. Tumakin da ake kawowa kasuwa kamar an yafa buzu kan kujerar katako, ana sayar da su kuɗin da ko kaza mai ƙwai za ta raina. Muna zaune muna kallonsu, rumfata ta kusa ƙarewa, gwangwanin kuɗina ya yi nauyi, sai Bafillacen ya ce in da shi mai kuɗi ne, da yanzu yake saye, don dabbar da ta kai ruwan farko da rai ta tsira.

Na kalli tumakin, na tuna da fuskokin da ke jirana a gida. Kafin la'asar na juye gwangwanin kaf. Na sayi tumaki uda, masu rabin baƙi rabin fari, mata da ƴan raguna, duk shi ya zaɓa yana buɗe masu baki yana duba haƙori. Muka yi magana yadda aka saba: ya haɗa su da garkensa ya tafi da su arewa, nono nasa ne, in an haihu yana da rabonsa. Na tambaye shi yaushe zai sauko, ya ce yadda ya saba, in ciyawa ta ƙare can, aka kuma saki gonaki nan. Na gyaɗa kai. Hankalina a lokacin na wajen ƙanen ubana da zai zo neman kuɗin taki.

Mai ɗakina tana yin man gujiya da ƙuli-ƙuli. Jarinta ba ya kwana biyu wuri ɗaya, yau gujiya, gobe mai, jibi gujiya kuma. Da na faɗa mata abin da na yi ina ta murna, ba ta daina murza tunkuza ba.

"Malam, yaushe za su dawo?"

Na ce in an saki gonaki.

"Harawa kuma yaushe ake sayenta?"

Na ce mata ta ji da ƙuli-ƙulinta. Ta ce to, tana ji da shi.

Ban taɓa jin daɗin damina kamar waccan ba, gaskiya ke nan. Ƙanen ubana ya zo, ya yi doguwar gaisuwa, ya kawo zancen taki. Na miƙe tsaye na juya mashi aljihun riga da na wando, na ɗauko gwangwanin na kifa shi gabansa, na ce in yana so a kawo Alƙur'ani in dafa. Ba ƙarya a ciki ko ɗaya. Ya tambaya ina kuɗin suka shiga, na ce suna arewa suna cin ciyawa, in yana da ƙafa ya bi su. Mai yabon ubana ya zo, na bar shi ya yabe shi har azahar, na ƙara mashi da waɗansu halayen kirki da ya manta, muka rabu hannu wofi ni da shi. Na noma ƴar gonata, na ci tuwo da miyar da ƙuli-ƙulin mai ɗakina ta saya, na yi barci rana tsaka ƙarƙashin itacen bedi. Duk hadarin da ya haɗu ya yi arewa sai in bi shi da ido in ce Allah ya sa ka sauka kan jarina. Har ƙiba na yi.

Sai wake ya nuna. Amalanken shanu suka fara shigowa gari, harawa kore shar, an ɗora ta har ta fi kan mai tuƙi, ƙanshinta ya cika hanya. Manoman da suka saba kawo mani suka tsaya ƙofar rumfata, na gaishe su, na tambayi iyali, suka tambayi nawa iyalin, suka ga ban taya harawar ba, suka wuce gaba. Gaban kuwa rumfar Alhaji ce, maƙwabcina, wanda ya je Makka sau ɗaya yake ba da labarin kamar can aka yanke mashi cibiya. Sana'armu ɗaya, sai dai rumfarsa na bayan tawa, rago ba ya ganinta sai ya wuce ni. Ya daɗe yana son wurina, bai taɓa ɓoyewa ba.

Sai a lokacin na zauna na jera abin a kaina. Makiyayi ba ya sauko da garke cikin ƙasar noma sai an gama kwashe amfanin gona, hukuma ta sanar an saki gonaki. In ya sauko kafin nan, dabba ta shiga wake, tara ce da faɗa, wani lokaci har da jini. Kafin a saki gonaki kuwa, harawa ta daɗe da barin hannun manomi ta koma hannun irinmu, kuɗinta ya hau. Wato jarina ba shi da izinin shigowa gari sai kayan da zai saya sun ƙare. Kowa a Dakoro ya san wannan, ni ma na sani. Sai dai ni makiyaya da bazara nake ganinsu, ban taɓa damuwa da ranar da suke saukowa ba. Har yau ina cewa dabarar kanta ba ta da aibu, tumaki ne ba su san kaka ba.

Ka'idar kasuwarmu kuma, rumfar da ta shekara babu kaya, sarkin kasuwa na iya ba da ita ga mai kaya. Ba zalunci ba ne, haka aka tarar. Wata ranar kasuwa na ga Alhaji da sarkin kasuwa tsaye suna kallon rumfata, Alhaji na nuni da sandarsa kamar mai auna fili. Da ya gan ni sai ya washe baki.

"Ɗan lakwal, bana iska za ka sayar? In ta yi maka yawa ina da wurin zuba buhuna."

Na ce kayana na hanya. Ya ce ai ya ji, an ce masu ƙafa huɗu ne.

In na rasa rumfar nan, na san inda zan koma: ɗaukar dammai a kai ina bin masu raguna ina roƙo su saya, yadda na fara ina saurayi. Da furfura a gemu ba zan iya ba.

Na yi ta kiran salular Bafillacen, mace na ce mani da Faransanci ba a samunsa. Can inda yake babu rezo sai ya hau wani tudun yashi, shi kuma ba ya hawa sai ya ga dama. Ran da ya ga dama ya kira, murya na yankewa, ya ce lafiya lau, ruwa ya yi kyau bana, tabkuna cike, tumakina sun yi ƙibar da ba zan gane su ba. Na ce ya sauko. Ya yi dariya ya ce in sauko ina, cikin waken mutane? Na ce to yana ina. Ya ce bayan Tagriss, wajen wani tabki mai itatuwan bagaruwa, duk wanda na tambaya ya sani. Salula ta mutu.

Mai ɗakina ta ba ni kuɗin mota daga na gujiyarta, sai dai yadda ta ƙirga su a tafin hannuna ya fi magana ciwo. Ta ɗaure mani ƙuli-ƙuli a leda. Na hau motar kasuwa, irin wadda ake zama kan buhuna ƙafa na lilo waje, muka bi yashi muna kafewa muna turawa. Bayan mun wuce Bader Goula gonaki suka fara raguwa, ciyawa ta karɓe ƙasa, har gwiwa, iya ganinka. Ni da ke sayar da ita damma-damma, ganin ta haka a zube ba mai ita sai da na fara ƙirga dammai nawa za ta yi. A Tagriss na ɗauki kabu-kabu. Tabki mai bagaruwa ashe ba ɗaya ba ne. Duk wanda muka tambaya ya sani, kowa kuma da nasa. Mai kabu-kabun ya fara zancen esansi, wai man babur ɗinsa zai ƙare, na ba shi ƙuli-ƙuli ya yi shiru.

Mun sami Bafillacen da rana ta karkata, zaune gindin itace yana murza igiya. Bai yi mamakin ganina ba. Matarsa ta kawo nono a ƙwarya, mai kauri, na sha na ƙoshi duk da haushin da nake ciki. Sannan ya kai ni cikin garke ya ce in nuna nawa. Na duba, na duba, ban ga kujerun katakon da na saya ba. Ya riƙa kiransu da wani sauti a maƙogwaro, suna fitowa ɗaya-ɗaya, gashi na sheƙi, gindi cike. Na dafa bayan wani rago hannuna ya nutse. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Tunda nake ban taɓa ajiye abu ya ƙaru ba sai ran nan.

Na ce gobe mu kora su kasuwar Tagriss duka. Ya ce raguna dai. Na ce duka na ce. Ya kama wata tunkiya ya ɗora hannuna a cikinta, ya bi sauran matan yana nuna mani, kusan duk ciki gare su.

"Ba ni kai mai ciki kasuwa, Kaɗo. In kai za ka kai, ga igiya, amma ba da ni ba, kuma kada ka ce daga garkena ta fito."

Na ce dukiyata ce. Ya ce bai musa ba. Na ce rumfata za ta tafi. Ya ce rumfa kara ce da itace, wannan kuwa rai biyu ne a fata ɗaya, kuma mahauci ne zai saye su don yanzu kowa sayarwa yake. Na faɗa mashi maganganu, har da cewa mutumin da bai taɓa biyan tikitin kasuwa ba ba zai koya mani sana'a ba. Ya bar ni na gama, ya hura gawayi ya ɗora shayi. Ya ce ragunan ma kada in sayar a nan, in kai su Dakoro inda dillalan kudu ke zuwa. Wannan kam na san gaskiya ce, shi ya sa ta ƙara ba ni haushi.

Muna shan shayin na yi lissafi a kaina, na ga kuɗin raguna ba za su cika ko rabin rumfa ba, tunda harawa ta riga ta fara hawa. Na faɗa mashi. Ya daɗe yana juya shayi daga kofi zuwa buta, sannan ya ce akwai wani tsoho a wani ƙauye kusa da Kornaka. Duk shekara in an saki gonaki, a gonarsa yake sauka da garke, dabbobi su kwana su yi mata taki, tsohon ya biya shi da hatsi. Tsohon na da wake da yawa, kuma ba ya gaggawar sayar da harawa, kan itace yake ɗora ta.

"Je ka ce ni na aiko ka. Hatsin da zai ba ni bana, ya ba ka harawa madadinsa. Ni kuma da bazara in zo rumfarka in ɗebi dusa, kada in ji bakinka. Mai yashin nan ma na yarda."

Na ce tsohon bai san ni ba, yaya zai yarda. Ya karɓi salulata, na danna mashi wurin ɗaukar murya, ya gyara rawani kamar tsohon na ganinsa, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya faɗi saƙon.

Da raguna na dawo kan motar kasuwa, an ɗaure su sama, ni ina ƙasa daidai inda bai kamata mutum ya zauna ba. Abin da suka sha a tabki duk a kaina ya ƙare. Haka na shigo Dakoro ina wari, mutanen tasha na tambayata ko jarin ne ya iso. Na ce shi ne, ku matsa ya sauka. Ranar kasuwa na sayar da su da daraja, ban yi kuka ba, na tare amalanken da suka rage na sayi abin da ya samu. Alhaji ya leƙo ya ga harawar ta tsaya mani iya ƙugu, ya ce Allah ya sa albarka, da muryar mai ta'aziyya.

Washegari na nufi Kornaka. Na sami tsohon a gonarsa, wata jigawa da ta gaji, farar ƙasa kamar gari. Kan kowane gawo da ke gonar harawa ce jibge. Na gaishe shi, na ce abokinsa na arewa ya aiko ni, na kunna mashi muryar na miƙa. Ya kara salular a kunne, Bafillacen na gaisuwa shi kuma yana amsawa, lafiya lau, sai alheri, ina gajiya, ina shanu. Da muryar ta kai wajen saƙon ya yi ƙoƙarin katse ta da tambaya, ba ta tsaya ba. Ya miƙo mani ya ce mutumin nan har yanzu ba ya sauraron kowa.

Muka zauna ciniki. Ban taɓa yin irinsa ba, ban kuma ji wanda ya yi ba. Ya tambayi yawan garken bana, na ce ya ƙaru da tumakina. Ya tambaya ko suna ci da kyau. Na fara ba shi labarin ƙibarsu da sheƙin gashi, ya ɗaga hannu.

"Ɗana, ni ba nama nake saye ba. Abin da ke fita ta baya nake tambaya."

Na ce Baba, a kaina na ɗauko shaidarsa tun daga Tagriss, in yana so ya shinshina rigata. Ya yi dariya har da tari. Ya ce kashin tunkiya ya fi na saniya daɗewa a ƙasa, amma na saniya ya fi yawa, sai a duba. Ya tashi ya zagaya da ni gonar, ya nuna mani wani tudu da ko ƙaya ba ta fitowa, ya ce a nan yake son tumakina su riƙa kwana, ba gindin itace inda makiyayi ke son inuwa ba. Na yi alkawari da bakin tumakin da ke can arewa ba su san ana yi ba. Ya ce in garke bai zo ba fa? Na ce ya tambayi rumfata a Dakoro, duk mai rago ya san ta. Ya ce zai aiko a gani. Haka na tsaya tsakar gonar mutum, da gemuna, na sayar da kashin da ba a riga an yi ba, aka sauko mani da harawa daga kan gawo.

Amalanke suka kawo ta Dakoro ranar kasuwa da hantsi, na tabbatar sun bi ta gaban Alhaji. Ba ta cika rumfa ba, ba zan yi ƙarya ba. Sai na jera ta daga gaba, damma kan damma har rufi, na bar bayan wofi inda nake shimfiɗa tabarma. Alhaji ya zo ya tsaya, ya soka sandarsa cikin harawar, ya ja damma ɗaya ya shinshina, ya ce ta Kornaka ce. Na ce hancinsa bai tsufa ba. Ya so ya zagaya baya, na ce akwai macen kare da ta haihu a wurin. Sarkin kasuwa ya wuce da rana, ya ɗaga kai ya kalli rufin, ya ce ashe kayan sun iso, ya karɓi gaisuwata ya yi gaba. Ba a sake zancen ba.

An saki gonaki sanyi ya riga ya shiga. Bafillacen ya sauko ya sauka gonar tsohon, na je na gani da idona, tumakina kwance kan tudun nan da ƴaƴansu, ƙananan uda masu dogayen kunnuwa suna tsalle. Ya ware rabonsa, mai ɗakina ta ce kuɗin motar da ta ba ni ma ya haihu, ta zaɓi ƴar tunkiya mafi kyau ta ɗaure a bayan ɗakinta. Da bazara harawata ta ƙare tun Alhaji na tsakiyar tasa, ya ci kasuwa shi kaɗai ina kallo, wannan kam ya ƙona mani rai. Bafillacen ya zo ya ɗebi dusa, a ganina ya wuce abin da muka yi magana, a ganinsa yashin ya cire.

Yanzu in ruwan farko ya sauka, jarin kashi biyu nake yi mashi. Abin da zan iya haƙura da ganinsa har sanyi, shi ke tafiya arewa. Na sayen harawa kuwa gishiri nake saya da shi, kantu-kantu irin wanda ake ba dabbobi, in jera a ƙuryar ɗakin mai ɗakina. Ba ya ruɓewa, ba ya jiran a saki gonaki, duk ranar kasuwar da na fito da shi akwai mai saye. Dangi kuma ba wanda zai ce a ranta mashi kantu ya yi suna, ko da yake ƙanen ubana ya taɓa zuwa ya tsaya yana kallonsu, ya ce ko ɓallin ɗaya a ba shi na miya.

Matsalar da ta rage ita ce tunkiyar nan ta mai ɗakina. Ta girma, ta gano ƙofar, ta iya tura ta da goshi. Bara da na zo fitar da gishirin na tarar kantun ƙasa ya yi rami kamar turmi, sumul, an lashe. Na ɗauko shi na kai wa mai ɗakina har inda take suya, na ajiye gabanta na ce ta duba aikin dabbarta. Ta duba, ta juya ƙuli-ƙulinta, ta ce ɗakin nata ne, tunkiyar tata ce, ban taɓa biyan kuɗin ajiya ba. Kantun na sayar wa Alhaji shi, na juya ramin ta ƙasa.